Mai Cigiyar Mero

Wata biyu Falalu ya yi a Inugu bakinsa bai san komai ba sai burodi da shayi da shinkafar makaranta. Mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar, amma a Katsina ya yi boko wurin kawunsa, daga can aka ba shi gurbin karatun safiyo, wato auna ƙasa, a kudu. Shekarar 1975 ce, shekara biyar da gama yaƙin basasa. Kuɗin fetur ya fara zuba, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk wanda ka gani a titi ko yana rungume da sabuwar rediyo ko yana koyon tuƙa sabon babur.

Abokin ɗakinsa, wani Obiora, shi ya matsa masa. Ya ce, “Kai wane irin baƙo ne? Ka tsallako ƙasa guda ka zo, in ka koma gida aka tambaye ka me mutanen can suke ci, sai ka ce burodi?” Ya yagi takarda ya rubuta masa: okpa a Inugu, miyar nsala a Anaca, gasasshiyar agada da kifi a Fatakwal. Ya ce in ya fita ranar Juma'a, Lahadi da yamma ya dawo. “Kuma kowane gari akwai 'yan'uwanka Hausawa, sun dawo sun cika ko'ina. Ba za ka rasa wurin kwana ba.”

Falalu ya karɓi takardar yana dariya. Akwai abin da bai taɓa gaya wa Obiora ba. Mahaifinsa Kallamu fataucin shanu yake yi. A daminar 1966 ya loda shanu a jirgin ƙasa daga Kano ya yi kudu kamar yadda ya saba, sai rikici ya ɓarke, aka kashe mutanen kudu a arewa, aka rama a kan 'yan arewa a kudu. Waɗanda suka tsira suka komo gida a manyan motoci da taragun kaya. Kallamu bai komo ba. Falalu yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Aka yi shekara huɗu ana sauraro, sannan malamai suka ce a yi sadaka, mahaifiyarsa Mero ta yi takaba. Ranar da zai taho Inugu ta riƙe hannunsa a bakin zaure ta ce, “Karatu ka tafi yi. Ban da tone-tone.” Shi ma bai yi niyyar tone komai ba. In ma ya yi, bai yarda ya gaya wa kansa ba.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a ya rataya jakarsa ya nufi kasuwar Ogbete. A bakin tasha ya sayi okpa, ƙulli biyu a ganyen ayaba. Kamar alale take, sai dai da garin gurjiya ake yi, ta sha manja har ta yi rawaya, ga nauyi a ciki. Ya cinye ɗaya a tsaye, ya ji ƙishirwa ta kama shi, sai ya gangara unguwar Kolkam neman ruwa. Tsohuwar unguwar ma'aikatan kwal ce, ɗakuna jere kamar bariki, yanzu makanikai da masu walda sun mamaye ta. Jikin bangaye duk tabon sumunti ne, ƙanana ƙanana, inda aka liƙe ramukan harsashi. An shafa fenti amma tabon bai ɓuya ba.

Ƙamshin masa ne ya ja shi cikin wani lungu. Wata tsohuwa na zaune gaban tanda, ta ba hanya baya. Ya tsaya ya ce, “Salamu alaikum, Iya. A taimaka wa matafiyi da ruwa.”

Cokalin juya masa ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin toka. Ba ta waiwayo ba. Sai da ta daɗe, masa ta fara ƙauri, sannan ta ce a hankali, “Wa ke magana?”

“Baƙo ne, Iya.”

Ta juyo ta ƙura masa ido tun daga ƙafa har kai. Ta ce, “Sake yin magana.”

Sai ya gaishe ta. Ta yi salati ta dafe ƙirji. “Ɗan nan, kai ɗan wane ne? Kada ka ce mini ba ka san Kallamu na Tasawa ba.”

Falalu ya zauna a kan benci ba a ce ya zauna ba. Ya ce, “Mahaifina ne.”

Sunan tsohuwar Kande. Ta ce a gidan mijinta marigayi Kallamu ke sauka duk sanda jirgin shanu ya tsaya a Inugu, shekara da shekaru. “Fuskar ba sosai ba, ka fi shi haske. Amma muryar! Na rantse na ɗauka shi ne ya tsaya a bayana. Haka yake cewa, a taimaka wa matafiyi. Mutum ne mai surutu, in ya fara ba ya tsayawa, har Rediyo ake ce masa a kara. Inyamurai ma da Rediyo suka san shi.”

Ta zuba masa masa da miyar taushe, ta tsare shi sai ya ci. Masar ta yi daɗi, irin ta gida. Ya tambaye ta ko ta san abin da ya sami mahaifinsa. Ta girgiza kai. Ta ce ganinta da shi na ƙarshe, ya kwana biyu ya wuce Anaca da shanu, sati bai cika ba aka kwashe su a jirgi, ko tukunya ba ta ɗauka ba. “Da muka dawo na tambaya, kowa ya ce bai sani ba. In akwai wanda ya sani, Yero ne, mahauci a unguwar Fegge, can Anaca. Tare suke ci tare suke sha.”

Falalu ya taɓa aljihunsa inda takardar Obiora take. Anaca dai tana cikin jerin. Ya ce wa kansa ai dama can za shi.

A cikin Fijo ta haya aka matse su su bakwai. Kowa na hira, wani na ba da labarin jiragen ruwa cike da sumunti da suka yi layi a teku an rasa inda za a sauke. Sau ɗaya Falalu ya buɗe baki zai ce wa direba ya rage gudu, sai ya ji tsoron abin da zai fito, ya haɗiye. Shekara tara yana ƙoƙarin tuna muryar mahaifinsa ya kasa, ashe tana cikin maƙogwaronsa. A gefen hanya akwai gidajen da ba rufi, ciyawa ta fito ta tagogi, kusa da su kuma sababbin benaye ana ta ɗora bulo.

Ya isa Anaca gab da magariba. A Fegge ya sami masallacin Hausawa, limamin ya ba shi tabarma a zaure, ya ce Yero ba ya samuwa sai da safe a mahauta, bakin kogi.

Da hantsi ya same shi. Dattijo ne kakkaura, gemu fari, yana wanke wuƙaƙe a bokiti. Bayansa Kogin Kwara ne shimfiɗe, faɗinsa ya ba Falalu tsoro, ga gada can an gyara inda aka karya ta lokacin yaƙi. Wannan karon Falalu ya rage murya da ya yi sallama. Duk da haka Yero ya ɗago da sauri, ya tsaya da wuƙa a hannu.

“Baba, ni ɗan Kallamu ne. Iya Kande ta Inugu ta turo ni.”

Yero ya ajiye wuƙar ya goge hannu a riga, ya goge, ya sake gogewa. Bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ya ce, “Ka karya?” Ya ja shi wata rumfa inda wata Inyamura ke tuƙa sakwara. Ya ce mata ta zuba nsala ta kifi. “Ci ba komai, kifi ne. Ubanka a nan yake ci, wurin uwar wannan. Ita ta mutu a yaƙi.”

Miyar fara ce ba manja, ga yaji mai ratsa hanci, ga tarwaɗa manya. Falalu ya yi loma uku. Yero bai taɓa tasa ba, yana kallon kogi ya fara magana.

“Ranar Laraba ya bar nan. Shanu ashirin suka rage masa, ya ce a Fatakwal sun fi daraja. Na ce, Kallamu, gari ba daɗi, ka ji abin da ake faɗa. Ya yi dariya ya ce wa zai taɓa Rediyo, kowa abokinsa ne. Ya ce Asabar zai dawo. Asabar ɗin aka fara. Muka sami babbar mota guda za ta tsallake da mu gada. Na sa jakata a gefena na kama masa wuri. Mata da yara a tsaye, ni na hana kowa zama, na ce wurin mutum ne. Tun safe har la'asar ina roƙon direba ya ƙara jira. Da muka fara jin ihu daga wajen kasuwa, direba ya dube ni. Ni na ce masa mu tafi. Da bakina.”

Wani kwalekwale ya wuce, mai tuƙi na waƙa.

“Har Lakwaja ban ɗauke jakar nan ba. Har yau in na shiga mota sai na ga kamar akwai wanda ba a jira ba.”

Falalu ya ce, “Baba, ai ba laifinka. Da kun tsaya da duk kun halaka.”

“Na sani. Sani bai hana ni komai ba.” Ya juyo ya dube shi sosai a karon farko. “Akwai abin da zan gaya maka, ka yafe mini. Shekara biyu ke nan direbobin shanu ke kawo mini wani labari. Wai a Fatakwal, a Mil Biyu ta unguwar Diobu, akwai wata mai gasa kifi, ba Bahaushiya ba, duk Bahaushen da ya zauna a rumfarta sai ta tambaye shi ko ya san Mero, matar Rediyo. Yaran yanzu ba su san wani Rediyo ba, dariya suke yi, sun ɗauka taɓin hankali ne.”

Loma na hannun Falalu, ya mayar da ita cikin kwano.

“Sunan mahaifiyarka ke nan ko?”

“Shi ne.”

“Na yi zato. Sau uku ina zuwa tasha in hau mota, in sauko. Ban iya jin abin da za ta faɗa ba. Kai ka je. Kai kana da hakki.”

Hanyar Fatakwal ta bi ta Oweri, rabi kwalta rabi rami. Tankokin mai da manyan motoci ɗauke da bututu suka yi ta tura su gefe. Da suka kusa gari ya hango wata wuta can sama da itatuwan kwakwa, tana ci tsakar rana a bakin dogon ƙarfe, ba mai kula ta. Na kusa da shi ya ce iskar gas ce ake ƙonawa, haka take dare da rana. Falalu ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Diobu cunkoso ce, kwata da taɓo da kiɗa daga kowane shago. Bai sha wahalar nema ba. Mai tsiren farko da ya tambaya ya kwashe da dariya. “Mama Uloma mai cigiyar Mero? Ga rumfarta can mai jan kwano. Shirya amsa, kai ma sai ta tambaye ka.”

Mace ce gajera, ta manyanta, gashinta ya yi furfura a gaba. Tana juya agada a kan waya, gefe ga kifi ya sha barkono yana tsiyayar mai. Falalu ya zauna ya nuna da yatsa abin da yake so. Ta yanka agadar ta zuba miyar manja ta ɗora kan kifi ta miƙa masa. Sannan ta tsaya, ta goge hannu a zane, ta yi masa tambayar da Hausarta karyayya, da muryar wadda ta gaji da yi amma ba za ta bari ba.

“Aboki, ka sani Mero? Mata na Rediyo?”

Ya ce, “Mama, ni ta haifa.”

Ta ja da baya har ta bugi tebur. Ta kira sunan Allah da yarensu, ta rufe baki da hannu biyu. Masu cin abinci suka ɗago. Ta kore su duka, ta yayyafa wa garwashi ruwa, ta saki buhun da ke rufe ƙofar rumfa. Ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, ta kama hannunsa ta juya tana duba yatsun. Sannan ta fara ba shi labari da Turancin buroka, tana tsarma Hausa inda ta iya.

Ta ce a da kusa da kara take sayar da abinci. Rediyo kullum a wurinta yake cin kifi, yana tsokanarta wai barkononta zai kashe shi. Ranar da abin ya faru, tana cikin kicin sai ga shi ya faɗo, kai a fashe, riga jina-jina. Bai ce ta taimake shi ba, kallonta kawai ya yi. Ta tura shi bayan itacen girki ta rufe da buhuna. Masu binsa suka leƙo, ta ce ya yi wajen layin dogo.

Falalu ya ce, “Me ya sa kika yi haka, Mama? Da sun gane da ke ma sun kashe ki.”

Ta ɗaga kafaɗa. “Ya shigo. Me zan yi? Ya riga ya shigo.”

Kwana huɗu yana bayan itace. Hanyoyi duk an tare, jirgin da ke kwashe 'yan arewa ya riga ya tashi. Sai ta aske masa gemu, ta ɗaura masa zanen mijinta marigayi, ta ɗauke shi zuwa ƙauyensu a ƙasar Ece. Allah ya sa ba shi da tsage. Ta ce wa mutane ɗan'uwan mijinta ne da ya dawo daga aikin gona a tsibirin Fanya, Turawan can sun doke shi a ka ya zama bebe.

“Na ce masa, Rediyo, in ka buɗe baki sau ɗaya, ni da kai da 'yata mun mutu. Ya gyaɗa kai. Daga ranar bai sake magana ba. Mutumin da ba ya iya shiru ko yana tauna abinci! Muka ce wata ɗaya ne, wata biyu, hanya za ta buɗe. Sai yaƙi ya zo ya rufe ko'ina. Shekara biyu, ɗana. Ko ni da shi kaɗai a gona ba ya yi, yana tsoron kada bakin ya saba. Yara na jifansa suna kiransa bebe, sai ya yi musu murmushi. Rannan gatari ya sare shi a ƙafa, na ga ya cusa hannu a baki ya ciza har jini, don kada ihun ya fito da yarenku.”

Ta ce a ɗakin awaki yake salla, a zaune, ba ya ɗaga hannu, leɓe kawai ke motsi. Ita ke tsaya masa a ƙofa tana yi kamar tana tsinke ganye.

Falalu ya dubi agadar da ke gabansa, ta huce, man ya daskare. Waje ana ta kiɗa, wani na gwada hon ɗin sabuwar mota.

Da yaƙi ya matso, suka gudu daji da sauran mutanen ƙauye. Gishiri ya ɓace, rogo ya ƙare, aka koma cin ɓera da ganyen da ba a san sunansa ba. Shi ke kama musu kifi a rafi da kwando. In an raba, sai ya faki ido ya tura nasa gaban 'yarta. Ta yi masa faɗa, ya nuna cikinsa wai ya ƙoshi. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, har ya kasa tashi.

“Ranar da zai tafi, da rana ne, ana ta harba manyan bindigogi daga wajen kogi, ƙasa na girgiza. Yana kwance a bukka, idonsa a rufe. Sai na ji murya. Na ɗauka wani ne ya shigo, na manta yadda take. Da ƙarfi ya yi, kamar yana kiran wani a tsakar gida. Sau biyu ya faɗa. Ban san ma'anar ba a lokacin, sai na riƙe a kaina, kullum ina maimaitawa kada ta ɓace.”

Ta gyara zama, ta rufe ido. Abin da ya fito daga bakinta ba Hausarta karyayya ba ce. Hausar Tasawa ce tsantsa, da karinta da jan wasalinta, kamar an ɗauko daga ƙofar gidansu.

“Mero, kwashe shanyar nan, hadari ya taso.”

Falalu ya ga tsakar gidansu, gero shanye a tabarma, gabas ta yi baƙi, mahaifinsa tsaye bakin rumbu yana ɗaga murya, shi kuma da ƙannensa suna rige-rigen kama bakin tabarma. Ya kifa kai a gwiwa. Kukan da bai yi ba yana ɗan shekara goma sha ɗaya, da wanda bai yi ba ranar sadaka, shi ya zo masa a rumfar kifi a Diobu. Uloma ta dafa bayansa tana cewa ya yi haƙuri da yarensu.

Da ya natsa ta ce, “Da Hausawa suka dawo na tambayi wani ma'anar. Ya yi dariya ya ce ba komai ba ne, maganar shanya ce. Na ce ko ba komai ba ne, ba ni aka yi wa ba. Mai ita tana can. Shekara biyu mutum bai yi magana ba, da ya yi da ita ya yi. Ya za a yi in riƙe mata?”

Ranar Lahadi da sassafe ta bar zuwa coci ta raka shi ƙauyen. Suka hau motar katako, suka sauka suka taka kusan mil biyu cikin gonakin rogo, suka ratsa ta gefen wani sabon bututun mai da aka share daji aka shimfiɗa. A hanya ta gaya masa wanda ya taya ta binne mahaifinsa. Wani tsoho ne da ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafancan, bukkarsa na kusa, ya ji maganar ya kuma gane yaren. Ta ɗauka tasu ta ƙare. Sai ga shi ya shigo da fartanya bai ce mata komai ba. Shi ya wanke shi, ya ce Musulmi ba a sa su a akwati, a kan gefen dama ake kwantar da su, fuska na duban inda suke salla. Ba farin ƙyalle, sai ta kwance zanenta na sama, shi ke nan mata mai kyau, suka naɗe shi. Kwana tara bayan haka sojojin tarayya suka iso wurin, rabinsu Hausawa.

“Kwana tara,” ta sake faɗa, ta yi ƙwafa.

Kabarin na gindin wata bishiyar kwakwar manja. Ba tudu, ƙasa ta daɗe da kwantawa, amma ta kewaye wurin da kwalabe da ta kafa a kife, kuma ba ciyawa ko ɗaya. Falalu ya duba rana, ya duba yadda kwalaben suka jeru. Aikinsa ne auna ƙasa. Tsohon bai kauce ba ko kaɗan.

Ya cire takalmi ya tsuguna. Ya yi niyyar karantawa a zuci, sai ya ga wurin ya sha shiru ya isa. Ya ɗaga murya ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ya yi addu'a da Hausa, ya ambaci sunan mahaifinsa da na kakansa. Uloma na tsaye nesa kaɗan ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya a kan hanya suna kallo. Ɗaya ta tambayi Uloma wani abu, ta amsa mata a gajarce. Matar ta sauke itacenta ta tsaya har ya shafa.

Bai koma Inugu ba sai Litinin da azahar, a jirgin ƙasa. Ya ɗauki biro sau da yawa zai rubuta wasiƙa gida, ya ga ba maganar da za a ba wani ya karanta wa mahaifiyarsa ba ce. Ya jira hutun ƙarshen zango.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Bayan an gama gaisuwa, ƙannensa sun watse, ya zauna a bakin tabarmarta ya ce, “Inna, na karya maganarki.” Ya ba ta labari tun daga Kolkam. Ba ta katse shi ba, hannunta bai bar tsintar wake ba. Da ya zo kan maganar ƙarshe ya rasa yadda zai yi, don ya san da muryar da za ta ji ta. Ya sunkuyar da kai ya faɗa.

Hannunta ya tsaya cikin faifai. Ta ɗaga kai ta dubi gabas, sama tas ba ko gajimare. Ta daɗe a haka.

Sannan ta ce, “An yi masa wanka?”

“An yi, Inna.”

“Da me aka rufe shi?”

“Da zanen matar. Shi ke nan gare ta.”

Mero ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da turmin atamfa shuɗi, sabo, ko ninkin kanti ba a warware ba. Falalu ya gane shi. Tsarabar da Kallamu ya kawo mata ce a tafiyarsa ta kusa da ƙarshe, ba ta taɓa kai wa tela ba.

Ta ɗora masa a cinya ta ce, “In ka koma ka kai mata. Ka ce Mero ta ji.”

Ta koma ta zauna ta jawo faifanta.